Keken Ɗinki Babu Zare

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun safe, duk na gan ku. Ke da kika ce kin yi fushi da ni, ajiye fushin a gefe ki karanta tukuna. Ga Auta nan da bakinta.

*

Ranar Talata ce, ranar da nake ɗinka iska.

Tunda aka sa dokar kulle saboda annobar nan, asibitinmu suka mayar da zaman masu ciwon damuwa ta waya. Dukanmu masu ɗauke da HIV ne, amma a zaman ba ma kiran sunanta. Ɗan haya muke cewa, don ya tare a jikinmu babu sallama, kuma ya ƙi tashi. Ba a kunna kyamara, ba a faɗin suna. Ni Zare ake kirana.

Matsalar ita ce gidanmu. Ɗaki biyu da falo, sai ɗan siton da nake ɗinki a ciki, ga bango kamar na kwali. In ka yi atishawa a kicin, na ɗaka ne zai yi maka sannu. Daga Mama har Yayata, wadda ta zo mana kwana biyu kulle ya ritsa da ita, babu wanda ya san da zaman ɗan haya a jikina. Shi ya sa na ƙirƙiro dabara. In zare zaren daga allura, in sa iyafis a kunne, in yi ta taka keke ina magana ƙasa-ƙasa. Na waje ƙarar keke kawai yake ji, ya ɗauka takunkumin fuska nake ɗinkawa.

Dabarar ta yi aiki har jiya, da na zare zaren ina shirin zaman yau, Mama ta leƙo ta tsaya a kaina.

"Auta, wannan wane irin ɗinki ne allura babu zare?"

"Gwada keken nake, Mama."

"To. Daga mako mai zuwa nan zan riƙa zama ina yanka miki ƙyalle. Zaman falo ya ishe ni."

Ta fita abinta, ta bar ni da baki buɗe. Mama ke nan tunda aka kulle gari. Ta rasa abin yi, ta koma kwashe-kwashe da jere-jere, babu lungun da hannunta bai shiga ba. Hutunmu ɗaya shi ne ranar Laraba, in ta ɗauki wayarta ta koma bayan ɗaki tana gaisawa da wata ƙawarta.

Na kwana ina juya maganar, na yanke shawara. Yau zan yi musu ban kwana.

Na tura ƙofar sito, na fara taka keke, na shiga zaman.

"Ga injin niƙa ya iso," in ji Direba. Shi daga cikin tasinsa yake shiga, wadda ta yi wata da watanni a ƙofar gida ba ta motsa ba.

"Ka bar ta mana," in ji Gwaggon Kowa, babbarmu a shekaru da kuma surutu. "Kai ba kujerar baya kake kwanciya ba kamar kayan fasinja?"

"Gwaggo, ni fa ofis nake."

Likita ta yi dariya. Ita ce mai kula da mu, mai murya a sanyaye, wadda ko faɗa take yi maka sai ka ji kamar ta miƙo maka ruwa.

"Sannunku duka. Zare, muna jinki da kekenki. Shiru-shiru, na ga kin shigo, sannu da zuwa."

Shiru-shiru ta turo hoton hannu, kamar yadda ta saba. Tunda ta shigo cikinmu ba ta taɓa buɗe baki ba, makirfonta kullum a rufe. Direba ya sha rantsewa cewa aljana ce ta samu waya.

"Zare, mu fara da ke," in ji Likita. "Yaya barci? Yaya magani?"

"Barci da sauƙi. Magani ban tsallake ba."

"Madalla. Yayar taki fa?"

"Yauwa, a zo wurin," in ji Direba. "Ni fa don labarin Yaya nake sayen data."

Gaskiyarsa. Babu Talatar da ba na kai ƙarar Yaya. Malamar makaranta ce, kuma ko a gida ba ta sauka daga kan aikin. Ita ce a farkon kulle ta ce a gabana wai mahaukata ne ke zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Maganar nan ta tsaya min a wuya har yau.

"Ai Yaya ta yi laushi," na ce. "Na gaya muku tana yaye min labule da sassafe kamar mai kama ɓarawo? Ta daina. Na ce babu mai tambayata ko na yi barci? Yanzu kullum sai ta tambaya, fuska a murtuke. Ko lokacin shan maganina, da take kafewa a ɗaki, yanzu da kanta take tashi ta fita."

"Munsharin fa?" in ji Gwaggo.

"Shi kam yana nan kamar janareta."

Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

"Me kike ganin ya kawo sauyin?" in ji Likita.

"Jan numfashin nan da kika koya mana. Ina ga har ita yake kamawa."

"Zare, muryarki ba daidai take ba yau. Akwai wani abu?"

Na ƙara wa keke gudu.

"Likita, yau ce ranata ta ƙarshe."



"Wasa kike," in ji Direba.

"Ba wasa ba ne. Mama ta gano allurar. Mako mai zuwa a nan za ta zauna. Ba ni da wani wurin ɓuya, banɗakinmu ko ƙofar kirki ba shi da ita."

"To ki riƙa saurare kawai, kamar Shiru-shiru," in ji Gwaggo.

"Ni in yi shiru? Gwaggo, kin san ni."

"Zare," in ji Likita a hankali, "kin tuna yadda kika zo mana?"

Na tuna. Bayan rasuwar maigidana na dawo gida da ɗan haya da kuma wani nauyi a ƙirji. Da kulle ya zo sai nauyin ya danne ni gaba ɗaya. Ba wanka, ba ci, keke ya yi ƙura. Har maganin na daina sha, don ban ga amfanin wahalar ba. Wannan zaman ne ya tashe ni zaune. Ina tsoron komawa can, tsoro ba kaɗan ba.

"Na tuna, Likita. Amma in Yaya ta ji, na shiga uku. Kofina daban za ta ware. Ta ce ga ciwo ga hauka. Gara in haƙura."

"Bari mu nemi wata hanya. Ko mu sauya miki lokaci, ko..."

Ba ta ƙarasa ba. A fuskar wayata, alamar makirfon Shiru-shiru ta buɗe.

"Kai," in ji Direba ƙasa-ƙasa. "Aljana za ta yi magana."

Muka kasa kunne. Numfashi kawai ake ji, irin na wanda ya buɗe baki magana ta maƙale. A bayan numfashin kuma akwai wata ƙara can nesa. Kaca-kaca-kaca, ƙiii. Kaca-kaca-kaca, ƙiii.

Ashe ita ma tela ce, na ce a raina. Har kekenta yana ƙiii ɗin nan irin na nawa, alamar yana son mai.

Na ɗaga ƙafa daga kan keke don in ji da kyau.

Nata ma ya tsaya.

Na sake takawa. Nata ya tashi.

Na tsaya. Ya tsaya.

Sai ga muryar Mama daga falo.

"Babba, kin ga tabarauna?"

Sau biyu na ji ta. Ɗaya ta bango, ɗaya a cikin kunnena.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fito daga sito, na wuce Mama tana ɗaga matasan kujera, na tura ƙofar ɗakinmu na mayar na rufe.

Yaya na zaune a bakin gado, ta ɗaure kai da ɗankwali har kunne. Haka take yi duk Talata, wai ciwon kai, kada a dame ta. Wayarta na kan cinyarta. Siririyar wayar iyafis ta biyo ta ƙarƙashin ɗankwalin.

Ta dube ni, na dube ta.

"Yaya."

"Na'am."

"Ke ce?"

Ta zare ɗankwalin ta ajiye. Idonta ya yi ja.

"Kada ki fita daga zaman nan, Auta. Abin da nake so in faɗa ke nan, ya ƙi fitowa."

Muryarta ma sau biyu ta zo min. Na zauna a ƙasa dirshan. Garin zama na fizge iyafis daga jikin waya, maganar ta koma sifika.

"Wai me ke faruwa ne?" in ji Gwaggo. "Zare? Shiru-shiru?"

"Jama'a, kowa ya rufe makirfonsa," in ji Likita. "Ku biyun, kuna so mu sauka mu ba ku wuri?"

"Ku zauna," in ji Yaya. "Ai kun riga kun san ni. Ni ce janareta."

Direba bai kai ga rufe nasa ba. Wata irin dariya ta kufce masa, har muka ji ya buga hon.

Ni kuwa kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Duk abin da na taɓa faɗa ya dawo min ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe kika san ni ce?"

"Tun ranar farko. Kina cewa sannunku na gane. Ni na goya ki fa, Auta."

"Kika yi shiru?"

"In na yi magana ai kin gane ni."

"Duk kin ji ke nan?"

"Duka."

"Har ranar da na ce..."

"Har ranar da kika ce da mijina na da bai sake ni ba, da shi zai gudu ya bar min gidan."

Na rufe fuska da hannu biyu.

"Yaya, raha ce."

"Har ranar da kika ce shayina kamar ruwan wankin kofi."

"Wannan kam gaskiya ce."

Ta ɗauki matashi ta jefe ni. Dariya ta zo mana tare, irin wadda ke zuwa da hawaye, har ba ka san wanne kake yi ba. Da ta lafa sai abin ya sauko min sosai. Yayata, wadda nake ganin ko zazzaɓi tsoronta yake ji.

"Ke ma kina da ɗan haya?"

"Nawa ya girmi naki. Tun kafin aurena ya mutu."

"Kina shan magani?"

"Ban taɓa tsallakewa ba. Yana cikin safa, ƙasan jakata."

"Nawa yana cikin gwangwanin maɓallai."

"Na sani. Kin faɗa a zama na biyu."

Sai kuma na ji haushi ya taso min, na gyara zama.

"To don me kika ce mahaukata ne ke zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa? Kin san yadda maganar nan ta yi min? Saura kaɗan in fasa shiga."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin ɗankwali.

"A ranar ne asibitinmu suka kira ni, suka ce in shiga zaman. Na ce musu ni lafiyata ƙalau. Na ajiye waya na fito falo ina faɗa da iska. Da kaina nake, Auta, ba da ke ba. Ban san a kanki ta sauka ba sai da na ji kina ba da labari."

"Amma kika shiga."

"Barci ya ƙaurace min. Ba makaranta, ba yara, ba hayaniya, sai ni da tunani. Na ce bari in leƙa sau ɗaya in ji abin da mahaukatan ke cewa." Ta share hanci. "Mahaukaciyar farko da na ji, ƙanwata ce."

"Na gode."

"Ba komai."

"Labulen fa? Da tambayar barci?"

"To me zan yi? Kina kuka da ni a gaban mutane, ina ji da kunnena. Duk Talata sai na fito da aikin gida."

"Ni kuwa na ɗauka jan numfashi ne."

"Jan numfashin lafiya? Ni ce nake tsayuwa a tsakar gida sauro na cizona, don ki sha magani a natse."

Nan kam kuka ya ci ƙarfina. Na matsa na kifa kai a gwiwarta kamar lokacin da nake ƙarama, ta dafa ni. Wata da watanni muna kwana ɗaki ɗaya, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya tana ɓoye abu iri ɗaya.

"Da kin gaya min," na ce.

"Ke da kin gaya min?"

"Tsoronki nake ji."

"Ni kuma kunyarki. Ni ce babba, ni ke yi wa kowa faɗa. Da wane baki?"

Likita ta yi gyaran murya daga cikin waya.

"Zan iya magana?"

"Bismillah, Likita," in ji Yaya.

"Da farko ku yi haƙuri. Asibiti daban-daban kuka fito, ban san gida ɗaya kuke ba. Da na sani, da na tambayi kowaccenku kafin in haɗa ku. Shiru-shiru, abin da kika yi yau ba ƙarami ba ne. Yaya kike ji?"

Yaya ta goge ido.

"Kamar na sauke buhu."

"Zare fa? Har yanzu yau ce ranarki ta ƙarshe?"

Na ɗago na dubi Yaya. Ta harare ni da jajayen idanunta, hararar malamai.

"Ki ce eh ki gani."

"Ina nan, Likita."

Gwaggo ta buɗe makirfonta ta rangaɗa guɗa, Likita na cewa a hankali, a hankali. Direba ya ce shi dai asara ta same shi, yanzu wa za a riƙa kai ƙara?

"Kada ka damu," in ji Yaya. "Nawa ƙorafin na tara. Mako mai zuwa ni ke da fili. Za ku ji wadda ke barin allura a kan gado."

"Saura Mama," na ce. "Ita fa ta ce a sito za ta zauna."

"Wannan mai sauƙi ne. Mako ɗaya ke ki shiga, ni in janye ta kicin. Mako na gaba mu juya."

"In ta tambaya fa?"

"Mama? Matar da ke neman tabarau yana kan goshinta? Ba za ta taɓa ganewa ba."

Aka turo ƙofa.

Mama ce. Tabarau na kan hancinta daram. Ta shigo ta mayar da ƙofa, ta jawo kujerar madubi ta zauna tana fuskantarmu. Ta dubi fuskata, ta dubi ta Yaya. Na lallaɓa hannu zan kife wayar.

"Bar ta," in ji Mama.

Ta kwance bakin zaninta. Ta fito da farar roba ta magani, ta ajiye a kan gado. Ta sake fito da wata, ta ajiye kusa da ita. Iri ɗaya sak, har murfin.

"Wannan na cikin gwangwanin maɓallai," ta ce. "Wannan na cikin safa. Safar ma ko wanki ba ta gani."

Yaya, mai bakin da ke tsayar da aji guda, ta sunkuyar da kai.

"Mama," na ce, "na ƙarin jini ne."

"Auta."

"Na'am."

"Kin ɗinka iska na yi shiru. Kada ki ɗinka min ƙarya."

Na haɗiye sauran maganar. Na duba fuskarta ina neman fushi ko ƙyama, ban ga ko ɗaya ba, kuma rashin ganin ya fi ba ni tsoro.

Ta miƙo hannu.

"Ba ni wayar."

"Mama, mutane ne a ciki..."

"Na san mutane ne. Da matar nan nake son magana."

Na dubi Yaya, Yaya ta dube ni. Na miƙa mata da hannu biyu.

Mama ta riƙe wayar nesa da fuska yadda ta saba, ta gyara tabarau.

"Likita, kina ji na?"

"Ina jinki, Mama," in ji Likita, muryarta a natse. "Kafin mu ci gaba, ina so ki sani cewa duk abin da..."

"Haba, Likita," in ji Mama. "Yanzu muryar tawa ce ba ki gane ba? Ni ce fa mai kiranki ranar Laraba."